Abin da Ya Riƙa Tayar da Iyalin Thomas Lincoln Daga Gona Zuwa Gona

An haifi Thomas Lincoln, mahaifin Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, a Virginia a shekarar 1778. Ya girma a Kentucky, ya binne matarsa ta fari a Indiana, ya rasu a Illinois a 1851 yana da shekara 73, kuma gonakin da ya noma a tsawon rayuwarsa sun haura shida. Waɗanda suka fara rubuta tarihin ɗansa sun ɗauki wannan yawan tashi a matsayin shaidar cewa mutumin rago ne wanda gindinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma wannan hoto ya yi musu daɗi, domin gwargwadon yadda aka ƙasƙantar da uban, gwargwadon yadda ɗaukakar ɗan za ta ƙara fitowa. Sai dai takardun haraji da na kotu da suka rage a Kentucky ba su goyi bayan wannan zato ba. Sun nuna kafinta kuma manomi mai rufin asiri, wanda yake sayen gona da kuɗi hannu, yake biyan haraji, ake kuma kiransa cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Abin da ya riƙa tayar da shi ba halinsa ba ne kawai: dokar gado ce, da rikicin takardun fili, da cuta, da bashi, da kuma tsarin noman da jarinsa kaɗai shi ne ƙarfin damtsen iyali. Labarinsa ya cancanci a warware shi domin dubban iyalai ne suka bi wannan hanya a wancan zamani, amma kaɗan ne aka adana tarihinsu dalla-dalla kamar nasa.

Ƙaura gado ce a wannan zuri'a. Kakansu na farko a Amurka, Samuel Lincoln, ya taso daga Ingila yana matashi mai koyon saƙa, ya sauka a Massachusetts a 1637. Jikokinsa suka gangara New Jersey, daga nan Pennsylvania, daga nan kwarin Shenandoah a Virginia. Dalilin kusan ɗaya ne a kowane zamani. Iyalin manomi yakan haifi 'ya'ya da yawa domin yana bukatar hannaye, amma gonar da ta ciyar da gida ɗaya ba za ta ciyar da gidaje biyar ba idan 'ya'yan suka girma, ga kuma farashin fili yana hawa a duk inda mutane suka cika. Mafita ita ce a sayar da ƙaramar gona mai tsada a gabas, a sayi babban daji mai araha a yamma.

Haka mahaifin Thomas, wanda shi ma sunansa Abraham, ya yi a farkon shekarun 1780, lokacin da ya sayar da gonarsa ta Virginia ya ƙetare duwatsu zuwa Kentucky, inda ya mallaki dubban eka. Ƙasar da ya shiga ba kango ba ce. Wurin farautar 'yan asalin nahiyar ne, musamman ƙabilun Shawnee da Cherokee, waɗanda suke kallon kowace bishiyar da aka sare a matsayin kutse. A watan Mayun 1786 wani daga cikin 'yan asalin ƙasar ya harbe shi yana aiki a gona a gaban 'ya'yansa maza uku. Babban ɗan, Mordecai, ya ruga gida ya ɗauko bindiga ya harbe maharin a daidai lokacin da ya tunkari Thomas, wanda yake ɗan shekara takwas. Abin da ya biyo baya ya fi harbin tasiri a rayuwar yaron. Kentucky a lokacin yanki ne na Virginia, kuma tsohuwar dokar gado da aka kwaso daga Ingila ta ba babban ɗa namiji filin mamacin da bai bar wasiyya ba. Majalisar Virginia ta riga ta soke wannan doka a 1785, amma sokewar ba ta fara aiki ba sai a farkon 1787. Tazarar 'yan watanni ce ta sa Mordecai ya gaji filaye, Thomas kuwa ya tashi yana ƙwadago a gonakin mutane.

Duk da haka ya tara abin da ya tara. Ya koyi aikin kafinta, a 1803 ya sayi gona mai eka 238 a Mill Creek cikin gundumar Hardin a kan fam 118, ya auri Nancy Hanks a watan Yunin 1806, aka haifa musu 'ya mace, Sarah, a 1807. A ƙarshen 1808 ya biya dala 200 ya sayi wata gonar mai kimanin eka 300 da ake kira Sinking Spring saboda wani marmaro da ke ɓulɓulowa daga bakin kogo, kuma a nan aka haifi Abraham ranar 12 ga Fabrairun 1809. Mutumin da ya fara da hannu biyu, kafin ya cika shekara 31 ya mallaki gonaki biyu, ba a kira shi rago ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci yadda ake mallakar fili a Kentucky, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Virginia ba ta auna ƙasar ba kafin ta fara raba ta. Ta riƙa ba tsofaffin sojoji takardun izinin fili a madadin albashi, tana kuma sayar da irin waɗannan takardu ga duk mai kuɗi, sannan ta bar wa kowa ya je ya zaɓi inda yake so, ya ɗauko safiyo ya shata masa iyaka. Iyakar kuwa da alamomin daji ake kwatanta ta: daga gindin wata bishiya da aka yi wa sara, zuwa wani dutse, zuwa inda rafi ya karkata. Bishiya takan faɗi, rafi yakan sauya hanya, safiyo biyu sukan auna wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Sakamakon haka filayen da aka rubuta a takarda suka fi ƙasar da ke akwai yawa, da'awa ta hau kan da'awa, har fili guda yakan sami masu shi uku ko huɗu, kowanne da takardarsa a hannu. A irin wannan hali wanda ya fi daɗewa yana noma wurin ba shi ne mai nasara ba. Mai nasara shi ne wanda takardarsa ta riga shiga rajista, kuma yake da kuɗin riƙe lauya shekara da shekaru. Hatta Daniel Boone, wanda ya buɗe hanyar da mafi yawan masu ƙaura suka bi zuwa Kentucky, ya rasa filayensa a irin wannan shari'a, ya tattara ya koma Missouri a 1799.

Gonaki ukun da Thomas ya zauna a kansu a Kentucky duk sun faɗa wannan rami. A Mill Creek an gano cewa awon bai cika ba, sai ya sayar da ita a 1814 a matsayin eka 200, ya yi asara. A Sinking Spring ta bayyana cewa wani da ya taɓa sayen filin kafin shi bai gama biyan mai shi na asali ba, bashin yana nan rataye a kan gonar, aka shiga kotu, Thomas ya fita ba gona. Tun a 1811 ya riga ya mayar da iyalinsa Knob Creek, inda yake noma eka 30 a wani kwari mai albarka tsakanin tuddai. Wurin da Abraham ya fara wayo ke nan, kuma daga baya ya ba da labarin ranar da aka shuka masara a wata gona mai eka bakwai, shi yana biye yana jefa irin kabewa, washegari aka tafka ruwa a kan tuddai, ko ɗigo bai sauka a kwarin ba, amma ambaliya ta gangaro ta kwashe masarar da kabewar da ƙasar saman gaba ɗaya. Manomi yakan jure wa irin wannan, domin wata damina tana tafe. Abin da ba a jure masa shi ne sammacin da ya iso a 1815, lokacin da magadan wani mai da'awar dubban eka suka nemi kotu ta tashi Thomas da maƙwabtansa.

Akwai dalili na biyu, wato bauta. A gundumar Hardin akwai bayi sama da dubu a wajajen 1811, kuma Thomas da Nancy suna cikin wata majami'ar Baptis da ta ɓalle daga 'yan'uwanta saboda ƙin bauta. Ban da batun aƙida, akwai na aljihu, domin ƙaramin manomi ko kafinta da ke sayar da guminsa ba zai iya gasa da maigidan da ke da mutanen da ba ya biyansu lada ba. Abraham da kansa ya auna dalilan biyu a taƙaitaccen tarihin rayuwarsa da ya rubuta a 1860, inda ya ce bauta tana cikin abin da ya tayar da su, amma babban dalilin shi ne wahalar takardun fili a Kentucky. Tun da a shekarar neman zaɓe ya rubuta haka, lokacin da fifita batun bauta zai fi yi masa amfani a wajen magoya bayansa, maganar tana da nauyi.

Ƙetaren kogin Ohio kuwa wata duniya ce ta fuskar doka. Dokar filaye ta 1785 ta wajabta cewa gwamnatin tarayya ta auna ƙasa kafin ta sayar, a yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane yanki mil shida a tsaye mil shida a kwance, a raba shi gida 36 masu eka 640 kowanne, daga baya kuma wasu dokoki suka sa aka sake raba waɗannan rabi-rabi da kwata-kwata. Kowane fili yana da lambarsa, mai sayarwa ɗaya ne, rajista ɗaya ce. Dokar 1787 kuma ta haramta bauta a yankin. A watan Disambar 1816, watan da Indiana ta zama jiha, Thomas ya ƙetare kogin da matarsa da 'ya'yansa biyu, suka kutsa kimanin mil 16 cikin surƙuƙin daji zuwa Little Pigeon Creek. Ya zaɓi eka 160, wato kusan hekta 65, a kan dala biyu kowace eka. A 1817 ya yi tattaki zuwa ofishin filaye na Vincennes, ya kuma biya dala 80 a wannan shekara, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, sauran ya zama bashi a kansa.

Bai kamata tsabtar wannan tsari ta rufe ido daga tushensa ba. Gwamnati ta iya sayar da filin ne da takarda marar gardama domin ta riga ta kawar da masu gardamar. Yankin kudu maso yammacin Indiana ya fita daga hannun ƙabilun Delaware da Piankeshaw ta yarjejeniyar Vincennes ta 1804, wata yarjejeniyar a Fort Wayne a 1809 ta ƙara kusan eka miliyan uku, sannan yunƙurin Tecumseh, jagoran ƙabilar Shawnee, na haɗa kan ƙabilu ya karye bayan yaƙin Tippecanoe a 1811 da kashe shi a 1813. Daga nan ƙofa ta buɗe. Mutanen Indiana da aka ƙidaya ba su kai 25,000 ba a 1810, amma a 1820 sun haura 147,000, a 1830 kuma sun wuce 343,000.

Mallakar takarda abu ɗaya ne, mayar da daji gona wani abu ne dabam. Manyan itatuwan ba a iya sare su duka a shekara ɗaya, don haka ake zagaye gindinsu da gatari a cire ɓawon, su bushe a tsaye, ganye ya zube, rana ta sami hanyar isa ƙasa. Ƙanana ake sarewa a tara a ƙone, a shuka masara tsakanin kututture. Da gungumen da aka sara ake gina ɗaki, a faskara wasu a yi shinge, kuma gonar ake killacewa, ba dabbobi ba, domin shanu da aladu sakinsu ake yi su yi kiwo a daji. Abraham ya ce yana cikin shekararsa ta takwas aka damƙa masa gatari, bai kuma rabu da shi ba sai da ya shiga shekara ta 23, karatunsa na makaranta kuwa idan aka haɗa bai kai shekara guda ba. Doka ta ba uba ikon gumin ɗansa har ya cika shekara 21, kuma Thomas ya yi amfani da wannan iko, yana tura yaron aikin lada a gonakin maƙwabta yana karɓar kuɗin. Ga mai kallo daga nesa wannan rashin tausayi ne, kuma da alama ya bar tabo tsakanin uban da ɗan. A lissafin gidan kuwa, abinci ba shi ne matsala ba, tsabar kuɗi ce, domin masara tana da yawa amma ba ta da kasuwa a kusa, sai an mayar da ita naman alade ko barasa an loda a jirgin katako an gangara kogi har New Orleans, tafiyar da Abraham ya yi a 1828, alhali ofishin filaye ba ya karɓar masara.

Sakin shanu a daji shi ya jawo musu babbar musiba. Akwai wani tsiro mai fararen furanni da ke fitowa a inuwar itatuwa, wanda shanu kan ci idan ciyawa ta bushe a ƙarshen bazara. Gubarsa takan bi nono ta shiga jikin mutum, ta kawo amai da ƙishirwa da kasala, ta kashe cikin kwanaki. Mutanen lokacin sun lura cewa cutar tana da alaƙa da madara, amma sai a ƙarni na 20 aka tabbatar da gubar da ke haddasa ta. A kakar 1818 ta kashe Thomas Sparrow da matarsa Elizabeth, dangin Nancy da suka biyo su daga Kentucky, sannan ta ɗauke Nancy kanta ranar 5 ga Oktoba tana da shekara 34. Mijinta ne ya haɗa akwatin gawarta. Sarah, 'yar shekara 11, ita ta gaji girki da wanki.

Abin da gidan ya zama a shekarar da ta biyo baya ya nuna girman aikin da mace take ɗauke da shi a irin wannan gona, aikin da takardun haraji ba sa rubutawa: kaɗi da saƙa da ɗinki, yin sabulu da kyandir, adana nama, tatsar shanu, lambu, jinya. Gona ba ta tafiya ba tare da shi ba, shi ya sa aure na biyu a wancan yanayi yake zuwa da wuri. A watan Disambar 1819 Thomas ya koma garin Elizabethtown a Kentucky ya auri Sarah Bush Johnston, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ya biya 'yan basussukan da ke kanta, ta zo da kayan ɗaki a keken doki, ta sa aka shimfiɗa daɓen katako aka gyara ƙofa, mutum takwas suka zauna a ɗaki guda. Ita ce ta tsaya wa Abraham a kan son karatunsa.

A daidai wannan lokaci tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Rikicin kuɗi na 1819 ya karya farashin amfanin gona, manoman yamma suka kasa biyan bashin filayen da suka ɗauka. A 1820 majalisa ta soke sayarwa bashi, ta rage farashi zuwa dala 1.25 kowace eka, ta kuma yarda a sayi eka 80, wato da dala 100 mutum zai mallaki gona. Wata dokar sassauci ta ba masu tsohon bashi damar mayar da wani ɓangare na filinsu domin su tsira da sauran. Ta irin wannan hanya Thomas ya saki rabin filinsa, ya karɓi cikakkiyar takardar mallakar eka 80 a 1827. Shekara goma ya ɗauka kafin ya riƙe takardar da babu mai iya ƙalubalanta.

Abin mamaki shi ne bai yi shekara uku da samun ta ba ya sayar da gonar. 'Yarsa Sarah ta rasu wajen haihuwa a Janairun 1828, ciwon madara ya sake ɓulla a yankin a 1829, ga kuma John Hanks, ɗan'uwan marigayiya Nancy, yana aiko da labarin baƙar ƙasa mai albarka a Illinois. Wannan ma siffa ce ta ƙaurar lokacin: ba a tashi a faɗa duhu, wani ɗan'uwa yakan yi gaba ya duba ya aiko, kuma dangi suke tafiya, ba gida ɗaya ba. Ranar 1 ga Maris 1830 mutum 13 suka kama hanya da kekunan shanu, har da 'ya'yan matarsa mata biyu da mazajensu da jikoki. Sun yi kusan mako biyu suna fama da taɓo da koguna a tafiyar mil 200, suka sauka a gefen kogin Sangamon, yamma da garin Decatur. Suka gina ɗaki, suka killace eka goma, suka shuka masara. Da kaka zazzaɓi ya kwantar da kusan kowa, sannan hunturun 1830 zuwa 1831 ya zo da dusar ƙanƙarar da mutanen Illinois suka daɗe suna lissafin shekaru da ita. Da gari ya waye Thomas ya sake ɗaura kaya, ya tsaya a gundumar Coles. Abraham, wanda ya riga ya cika shekara 21, bai bi shi ba. Ya nufi New Salem, bai kuma sake zama manomi ba.

A Coles ma Thomas ya sauya wuri fiye da sau ɗaya kafin ya zauna a Goosenest Prairie. Wannan ne kashin rayuwarsa da masu sukarsa suka fi samun abin kamawa, kuma ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba, domin ƙarfinsa ya ragu, idonsa ya raunana, bashi ya riƙa bin sa. Amma ƙasar ma ta sauya. Shimfiɗaɗɗen filin ciyawa na Illinois yana bukatar shanun noma da yawa da garma mai ƙarfi kafin a fasa shi, garmar ƙarfe ta John Deere ba ta fito ba sai 1837, kuma noman ya fara zama na mai jari, ba na mai gatari ba. A 1841 Abraham, wanda ya zama lauya a Springfield, ya biya dala 200 ya sayi eka 40 daga gonar mahaifinsa, da sharaɗin cewa tsofaffin biyu za su ci moriyarta har ƙarshen ransu. Thomas ya rasu ranar 17 ga Janairun 1851, ɗansa bai halarci jana'izar ba.

A watan Nuwambar wannan shekara John Johnston, ɗan matar uban, ya so ya sayar da filin ya koma Missouri. Abraham ya rubuta masa wasiƙa mai zafi yana tambayarsa ko ƙasar can ta fi ta nan albarka, ko kuwa a can ana samun masara da alkama ba tare da aiki ba, ya ce masa yawo daga wuri zuwa wuri ba zai amfane shi da komai ba, ya kuma ƙi yarda a taɓa eka 40 ɗin da ya ajiye domin tsohuwar. Game da Johnston hukuncin ya yi daidai, amma da za a shafa shi a kan Thomas na 1816 da an zalunce shi, domin shi shari'ar fili ce ta tashe shi.

Ranar 20 ga Mayun 1862 Abraham Lincoln, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar Homestead, wadda ta ba duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21, mace ko namiji, eka 160 na filin gwamnati, muddin ya zauna a kai ya noma shi shekara biyar ya biya kuɗin rajista dala 18. Girman filin daidai yake da wanda mahaifinsa ya kasa gama biya a Indiana. A ƙarƙashin dokar an raba kimanin eka miliyan 270, kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar Amurka, mafi yawansu daga filayen da aka karɓe a hannun ƙabilun yamma. Daga cikin buƙatu kusan miliyan huɗu da aka shigar, kimanin miliyan 1.6 ne suka kai ga takardar mallaka ta wannan hanya. Da yawa daga cikin sauran fari da fara da bashi ne suka tashe su kafin shekara biyar ɗin ta cika, musamman a busassun filayen da ke yamma, inda eka 160 ba ta isa ta riƙe iyali ba.